Ajin fasaha a Aderbissinat: malamansa suna nan cikin gari

Duk lokacin da aka tayar da maganar buɗe wa yara wurin koyon zane, kiɗa, wasan kwaikwayo da aikin hannu a garuruwa irin su Aderbissinat, tambaya biyu ake fara yi: ina ginin, kuma wace ƙungiya ce za ta kawo kuɗin? In an samu amsar waɗannan, sai a ce a rubuta takarda zuwa Yamai a turo ƙwararre. A ganina an kama abin ta wutsiya. Tambayar farko ita ce wa zai koyar. Amsata kuwa ita ce malaman suna nan tare da mu, a rumfunan kasuwa, a bayan gidaje da zangon makiyaya. Abin da ya rage shi ne a kira su cikin mutunci, a biya su haƙƙinsu, mu kuma malaman makaranta mu tsaya a gefensu mu riƙe musu aji.

Mu fara da duba ƙasar da muke magana a kanta. Aderbissinat tana kan hanyar da ta haɗa Agadas da Damagaram ta Tanut, kimanin kilomita 160 kudu da Agadas, inda Abzinawa da Fulani da Hausawa da Larabawa suke shan ruwa a rijiya ɗaya. A Marandet, masu tonon tarihi, cikinsu har da Bafaranshen nan Henri Lhote, sun tarar da dubban ƙananan tukwanen narka tagulla waɗanda suka haura shekara 1000. Wato tun kafin a san wani abu wai shi lakwal, ana narka ƙarfe ana zuba shi a wannan yanki. A shekarar 1998, a gindin tsaunin Tigidit Alphadi ya yi bikin FIMA na farko, ya tara masu ɗinkin duniya a cikin rairayi. A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 wadda aka gina da laka. A wannan shekarar dai ta sanya kiɗan imzad na matan Abzinawa cikin al'adun da ya wajaba a kiyaye. Ƙasar da ke da wannan gado ba ta rasa fasaha ba. Abin da ke neman kuɓuce mata shi ne hanyar miƙa ta daga hannun tsoho zuwa hannun yaro.

Dalilan kuɓucewar ba ɓoyayyu ba ne. Tun daga tawayen 2007 da rashin tsaron da ya biyo baya, masu yawon buɗe ido da ke sayen azurfa da jakunkunan fata suka ɗauke ƙafa daga jihar Agadas. Da zinariya ta ɓulla a Jado a 2014, samari da yawa suka ga babu dalilin zama gaban zugazugi alhali ana cewa wani ya dawo da mota. Wasu suka nufi Libiya da Aljeriya. A kasuwa kuwa, roba ta kori ƙwarya, tabarmar leda ta kori ta kaba, takalmin kanti ya kori na baduku. Uban da sana'arsa ba ta ciyar da gidansa ba zai matsa wa ɗansa ya koye ta ba, kuma babu mai ganin laifinsa. Sai dai sana'ar hannu ba littafi ba ce da za a ajiye a akwati a dawo a buɗe bayan shekara talatin. Idan tsara ɗaya ta tsallake ta, shi ke nan.

Wani zai ce ai makaranta tana koyar da waɗannan abubuwa. A takarda, haka ne. Zane da waƙa da aikin hannu suna cikin jadawalin firamare. Amma malamai ƴan'uwana, mun san yadda abin yake. Mushe ya zana mangwaro ko tuta ko bokiti a allo, yara su kwafa da guntun fensir, a ba wanda nasa ya fi kama da na allo tara bisa goma. Yaron da ya san raƙuman ubansa ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ke ɗingishi da wanda ke da tabo a wuya, ba a taɓa ce masa ya zana su ba. In jarrabawa ta matso a ajin CM2, lokacin zanen ma dikte da lissafi ne ke cinye shi. Wannan ba mugunta ba ce. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake tsara darasi, ba a mai da mu maƙera ko masaƙa ko makaɗa ba, kuma mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Shi ya sa ake bukatar wani wuri a wajen aji, na gari baki ɗaya, ko gidan matasa ne, ko zaure, ko rumfar zana, inda wanda ya iya zai koyar.

Wannan ba sabon tunani ba ne, an gwada shi an ga amfaninsa. A Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, da aka lura cewa matan da suka iya kaɗa imzad sun zama ƴan ƙalilan kuma duk sun tsufa, sai aka kafa wata ƙungiya a 2003 domin ceto shi, daga baya aka gina gidan da ake kira Dar Imzad. Ba a ɗauko farfesa daga Turai ba. Tsofaffin matan nan aka zaunar, ƴammata suka kewaye su, suna koyon yadda ake fafe ƙwaryar, a ɗaura fata, a ja tsirkiya ɗaya ta gashin doki, a goga. A nan gida Nijar, Malam Mamman Barka, mutumin Teskar, malamin makaranta ne kafin duniya ta san shi da gurmi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar. Malami mai takarda ya durƙusa gaban tsohon da ba shi da ita, ya koya, ya fitar da biram zuwa ƙasashen duniya kafin rasuwarsa a 2018. A Nijeriya, Ladi Kwali ba ta yi boko ba, a gida ta koyi ginin tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. A duk misalan nan uku, ilimin yana hannun mutumin gari. Abin da cibiya ta ƙara shi ne wuri, da lokaci, da daraja.

To, idan gwani ne zai koyar, mene ne aikinmu mu malaman makaranta? Aikinmu babba ne, domin iyawa daban, koyarwa daban. A hanyar gargajiya yaro yakan shekara yana hura wuta, ana aikensa, yana kallo, kafin a bar shi ya riƙe masaba. Wannan hanya tana fitar da gwanaye, amma ta dace da yaro ɗaya ko biyu da ke kwana a gidan. Ba za ta yi aiki da yara ashirin da suka zo na awa biyu ba. Nan ne abin da muka koya a makarantar horon malamai yake shigowa. Mu zauna da gwanar saƙa mu tambaye ta: in yarinya ba ta taɓa riƙe kaba ba, me za ta fara yi? Sai mu yanka aikin gunduwa-gunduwa. Makon farko a je a ga goruba, a ɗebo kaba, a koyi tsagawa da jiƙawa. Mako na biyu a koyi saƙa mai launi ɗaya. Na uku a shigo da rini, a ga yadda karan dafi ke ba da ja. Na huɗu kowace yarinya ta fito da nata adon, ta gama ɗan faifanta ta kai gida. Malami shi ke riƙe rajista, ya raba yara bisa shekaru, ya lura da wanda aka bari a baya, ya tabbatar ba a daki kowa ba, kuma ƙaramin yaro bai matsa kusa da wuta ko wuƙa ba. A ajin ƙira, ƴan ƙasa da shekara goma sha biyu su tsaya a kan mulmula kakin zuma da lulluɓe shi da yumɓu. Narka azurfa da zuba ta a gurbin da kakin ya bari, wato yadda ake yin sarƙar nan ta Agadas da duniya ta sani, wannan sai manya, kuma a gaban maƙerin.

Na san akwai masu ja, kuma maganarsu tana da nauyi. Ta farko daga iyaye take fitowa: yaranmu suna gama firamare ba su iya karanta wasiƙa ba, ku kuna maganar ƙwarya da kiɗa? Gaskiya ne karatu da lissafi su ne gaba, shi ya sa ban ce a taɓa minti ɗaya na lokacinsu ba. Amma ku duba abin da ke cikin saƙar tabarma: ƙirga ne, da awo, da daidaita gefen dama da na hagu. Yarinyar da ta saƙa ado mai kusurwa uku da hannunta ba za ta firgita ba ran da mushe ya zana shi a allo. Yaron da aka ce ya rubuta sunayen kayan aikin baduku, basilla da wuƙa da bagaruwar jima, da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci, ya samu dalilin rubutu wanda dikte bai taɓa ba shi ba. Wasan kwaikwayo kuwa, duk wanda ya ga yadda yaro mai kunya ke buɗe baki idan aka ba shi rawar mai gari ko ta ɗan kasuwa, ya san darasin magana ne. Yazi Dogo malamin makaranta ne, kuma wasanninsa na Hausa daga Damagaram sun isar da saƙo a rediyo da talabijin zuwa gidajen da littafi bai taɓa shiga ba.

Ja na biyu ya fi wuya, kuma ba a cika faɗinsa a fili ba: maganar gado. A wurin Abzinawa ƙira da aikin fata na inadan ne, wato maƙera, maza a ƙarfe da itace, mata a fata. A wurin Hausawa ma ƙira da jima da kiɗa duk gado ne. Akwai uban da zai ji kunya a ce ɗansa yana hura zugazugi. Akwai kuma maƙerin da zai ce wannan abincin gidanmu ne, don me zan raba wa ƴaƴan wasu? Duka biyun ba a warware su da gatse ko da takardar hukuma. Ga uban farko, abin da zan ce shi ne takobin da yake taƙama da shi da sirdin raƙuminsa hannun maƙeri ne ya yi su, kuma koyon abu na wata uku bai canja wa kowa asali ba, sai dai ya koya masa ganin girman mai yin sa. Ga maƙerin kuwa, yana da gaskiya. A bar shi ya zaɓi abin da zai koyar da abin da zai riƙe wa ƴaƴansa, kada a tilasta masa. A biya shi a kan kowane zama, a kira shi malam a gaban yara. Kuma a tuna masa cewa yaron da ya taɓa gwada goge azurfa da magagari, ran da ya girma ya samu kuɗi, shi ne zai san bambancin aikin hannu da na kanti, ya biya farashinsa ba gardama. Ajin fasaha yana renon masu yi, yana kuma renon masu saye.

Ja na uku na addini ne. Akwai iyayen da ba su yarda da zanen abu mai rai ba, akwai waɗanda ba su yarda da kiɗa ba. Wannan fage ne na malaman addini, kuma ra'ayin uba a kan ɗansa abin girmamawa ne. Hanyar da ta fi ita ce liman ya kasance cikin kwamitin cibiyar tun ranar farko, kuma kowane gida ya zaɓi ajin da ɗansa zai shiga. Wanda bai son kiɗa, ga saƙa, ga fata, ga ɗinkin hannu irin na matan Wodaɓe, ga sassaƙar ƙwarya. Kada kuma mu manta makarantar allo tana da tata fasahar. Zayyanar da ake yi wa allon mai sauka, da haɗa tawada daga gawayi da ƙaro, da feƙe alƙalami, da kyan rubutu, duk fasaha ce ta gidan malamai. Alaramman da ya iya zayyana ya cancanci tabarmarsa a wannan cibiya kamar kowa, kuma zuwansa zai sa almajirai su shigo a ranakun Alhamis da Juma'a da ba su da karatu.

Akwai kurakurai uku da ya kamata duk mai shirin buɗe irin wannan wuri ya kauce musu. Na farko shi ne horon kwana biyar. A zo da mota, a sauke fenti da burushi da takardu masu tsada, a ɗauki hoto, a tafi. Ran da fentin ya ƙare, aji ya mutu. Kayan aro ba ya rufe katara. A gina ajin a kan abin da ƙasar ke bayarwa: kaba, yumɓu, fata, ƙwarya, gawayi, jar ƙasa, tsofaffin kwalaye da gwangwani. In baƙo ya zo da gudummawa, madalla, amma ya tarar da abin yana tafiya.

Na biyu shi ne mai da yara ma'aikata. Da zarar an ga ƴan jakunkunan sun yi kyau, sai wani ya kawo shawarar a riƙa sayarwa a ciyar da cibiya. Daga nan sai a daina barin yaro ya gwada ya ɓata, a koma sa shi maimaita abin da kasuwa ke so. Mai son koyon sana'a domin neman abinci, cibiyoyin koyon sana'o'i na gwamnati suna nan dominsa in ya kai shekaru. Abin da ƙaramin yaro ya yi da hannunsa nasa ne, ya kai wa uwarsa.

Na uku shi ne ɗaure yara a kan yadda kaka ta yi, ba ƙari ba ragi. Al'adar da ba ta motsi ta kusa shiga kabari. Gita baƙuwa ce a Abzin, amma yau da ita Bombino ke zagaya duniya. Mdou Moctar da katako da wayar birkin keke ya harhaɗa tasa ta farko. A koya wa yaro tushe sosai, sannan a sakar masa mara. In yarinya ta saƙa hoton babur ko wayar salula a jikin faifai, kada a tsawata mata. Abin da idonta ke gani ke nan.

Sai maganar lokaci, wadda a ƙasar makiyaya ita ce ke raya shiri ko ta kashe shi. Da damina dabbobi suna yin arewa, wajen Ingal da ƙasar gishiri, yara da yawa suna biye da su. Da rani ake taruwa kusa da rijiyoyi. Cibiyar da ta kwafi jadawalin Yamai za ta wayi gari da rumfa ba kowa. A yi zango biyu: na rani domin ƴaƴan makiyaya da masu kwana a makaranta, da na babban hutu domin ƴan cikin gari waɗanda ke yini suna yawo daga Yuli zuwa Satumba. Ranar kasuwa kuwa a bar gwanaye su nemi abincinsu.

Kuɗin fa? Ba shi da yawan da ake tsoro. Rumfa, tabarmi, randar ruwa, akwati mai kwaɗo na ajiyar kaya, da ladan gwani. Ko jika biyu aka yanka masa a kan kowane zama, in har ana biya a kan lokaci, ya fi alkawarin jika goma da ba ya zuwa. Kwamitin kula da makaranta, da ƙungiyar iyaye mata, da ma'aikatar magajin gari, da ƴan kasuwar gari, da ƴaƴan gari da ke aiki a Agadas da Arlit da Yamai, in kowa ya kawo nasa, za a ɗauki jinkar. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a manna a bango kowa ya gani, domin rashin amana ya kashe shirye-shirye fiye da rashin kuɗi. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya tun 1989, akwai kuma gidan tarihi na Boubou Hama inda masu sana'ar hannu ke aiki a idon jama'a. Waɗannan abin alfahari ne, amma yarinyar da ke Aderbissinat ba za ta je can ba. Nata rabon sai an kawo shi inda take.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Malamai, kafin ƙarshen wannan wata, kowa ya ba ɗalibansa aikin gida guda: su tambayo a unguwarsu ko zangonsu wa ya iya saƙa, wa ya iya fata, wa ya iya imzad ko tende, wa ya iya zayyana, wace tsohuwa ce ta fi kowa tatsuniya. A haɗa sunayen a takarda ɗaya a kai gaban kwamitin makaranta. Za ku yi mamakin tsawonta, za ku kuma lura da shekarun mutanen da ke cikinta. Iyaye, idan aka zo neman izinin ɗanku, ku je ku ga wurin da idonku kafin ku ce a'a. In kuwa ku ne gwanayen da za a zo nema, ku faɗi sharaɗinku a fili, amma kada ku rufe ƙofa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsofaffin da ke riƙe da wannan ilimi suna raye yau, hannunsu bai fara rawa ba tukuna, kuma yawancinsu ba wanda ya taɓa zuwa ya ce su koyar. A je a gaishe su, a tambaye su. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya sa su gaji abin kirki.